Ladan Kuturu: Inda Gudummawar Siyasa Ke Rikiɗewa Ta Zama Cin Hanci

A watan Yunin 2022 jami'an FBI suka shiga gidan Sanata Bob Menendez a jihar New Jersey ta Amurka, suka yi ta buɗe ɗakuna da akwatuna. Sun tarar da tsabar kuɗi sama da dala 480,000, wasu a cikin ambulan, wasu an cusa su a aljihun rigunan sanyi masu ɗauke da sunansa, ga sandunan zinare na fiye da dala 100,000, ga kuma mota ƙirar Mercedes-Benz a gareji. A lokacin shi ne shugaban kwamitin harkokin waje na Majalisar Dattawa. Masu bincike har sun gano cewa ya taɓa tambayar Google nawa ake sayar da kilo ɗaya na zinare. A Yulin 2024 aka same shi da laifi a dukkan tuhume-tuhume 16 da aka yi masa, a Janairun 2025 kuma alƙali ya ɗaure shi shekara 11.

Wannan ba ta buƙatar dogon bayani, ko yaro ya san zinare ba ya tsirowa a cikin kabad. Shari'ar Menendez da ta fi koyar da darasi ita ce ta farko, wadda ya tsallake. A 2015 gwamnatin tarayya ta gurfanar da shi tare da wani attajirin likitan ido daga jihar Florida, Salomon Melgen. Likitan ya zuba gudummawar siyasa ta sama da dala 700,000 a asusun da ke amfanar sanatan, ya sha ɗaukar sa a jirginsa na kansa, ya sauke shi a gidansa na shaƙatawa a Jamhuriyar Dominika. Shi kuma sanatan ya shiga ya fita a kan wata rigimar kuɗi ta kusan dala miliyan 9 tsakanin likitan da shirin inshorar lafiya na Medicare, har ya zauna da sakatariyar lafiya ta ƙasa a kan maganar, ya kuma sa baki aka samo wa 'yan matan likitan biza. Babu wanda ya musanta cewa an bayar, babu wanda ya musanta cewa an yi hidimar. Lauyoyinsu suka ce aminai ne na shekara da shekaru, kuma amini ba ya ƙirga abin da ya yi wa amininsa. Masu taya alƙali yanke hukunci suka kasa cimma matsaya a Nuwamban 2017. A farkon 2018 alƙalin ya soke tuhume-tuhumen da suka shafi gudummawar siyasar, gwamnati ta janye sauran, kuma kafin shekarar ta ƙare mutanen New Jersey sun sake zaɓen sa.

Mutum ɗaya, kujera ɗaya, kuma a shari'o'in biyu kuɗi ya tashi daga hannun mai bukata zuwa ɓangaren mai iko. Me ya raba su? A ta biyu an kama cin hanci da siffarsa ta gargajiya, wadda kowa ya sani. A ta farko kaso mai tsoka na kuɗin ya bi ta ƙofar da doka ta buɗe da kanta.

A nan duk wahalar take. Idan ɗan kwangila ya ba wa ma'aikacin gwamnati kuɗi, bayarwar kanta ita ce laifin, don ma'aikacin ba shi da wani dalilin karɓa. Ɗan siyasa kuwa doka ce ta ce ya je ya nemi kuɗi a hannun jama'a ya yi yaƙin neman zaɓe. Kuma wa zai ba shi in ba wanda ke fatan manufofinsa za su amfane shi ba? Manomi ya taimaki wanda ya yi alkawarin tallafa wa noma, ƙungiyar ƙwadago ta taimaki wanda zai ƙara albashi, mai masana'anta ya taimaki wanda zai rage haraji. Idan ya ci zaɓe ya cika alkawarin, sai a ce dimokuraɗiyya ta yi aikinta. To amma ka cire sunayen, ka bar tsarin kawai: an ba shi kuɗi, ya hau kujera, ya yi abin da mai kuɗin ke so. Da wannan siffar ce ake gane cin hanci ma. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma tsarin zaɓe na zamani ya ginu ne a kan zaton cewa za a iya cin ladan a kuma manta da askin.

Kotun Ƙolin Amurka ta fuskanci wannan ƙulli a 1991. Wani ɗan majalisar jihar West Virginia mai suna Robert McCormick ya daɗe yana tsaya wa likitocin da suka yi karatu a ƙasashen waje, waɗanda ke aiki da lasisin wucin gadi. Da zaɓen 1984 ya matso, sai ya shaida wa mai yi musu kamun ƙafa cewa takara ta yi masa tsada, yana ta kashewa daga aljihunsa, kuma har yanzu bai ji komai daga wajen likitocin ba. Ba a daɗe ba ambulan ya iso. Bai rubuta kuɗin a matsayin gudummawar zaɓe ba, kuma daga baya ya ɗauki nauyin dokar da ta ba likitocin lasisin dindindin. An same shi da laifi, amma Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Ta ce in dai maganar gudummawar zaɓe ce, sai an tabbatar da akwai alkawari ƙarara, wato an yi cinikin ba-ni-in-yi-maka a fili, kafin a kira ta laifi. Dalilin da alƙalan suka bayar ba na wasa ba ne: in ba a ja layin a nan ba, to kusan duk wanda ya taɓa tsayawa takara ya zama abin tuhuma, tunda kowa na karɓa daga mutanen da daga baya zai yi wa aiki.

Shekara guda bayan haka, a wata shari'ar, mai shari'a Anthony Kennedy ya yi ƙoƙarin toshe ɓarakar da aka buɗe. Ya ce ba lallai sai an furta cinikin da baki ba, in ba haka ba ai ƙifta ido da gyaɗa kai sun isa su kayar da dokar. Tun daga nan kotunan ƙasar ke kai-kawo tsakanin waɗannan maganganu biyu: sai alkawari ya fito ƙarara, amma kuma ba sai an faɗe shi ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda manya ke gama magana a tsakaninsu ya san ba a furta irin wannan. Ana gaisawa, a tambayi iyali, a yi ƙorafin tsadar takara, a ambaci cewa akwai wata takarda da ta maƙale a wata ma'aikata, kowa ya tashi ya san abin da aka ce.

Ga inda abin ya fi ɗaure kai. Don Siegelman gwamnan jihar Alabama ne daga 1999 zuwa 2003. Yana son a kafa cacar gwamnati da za a riƙa zuba ribarta a harkar ilimi, aka buɗe asusun yaƙin neman amincewar jama'a a ƙuri'ar raba gardama. Richard Scrushy, shugaban kamfanin asibitoci na HealthSouth, ya haɗa dala 500,000 ya zuba a asusun. Gwamnan ya naɗa shi a hukumar da ke ba da izinin gina asibitoci a jihar, kujerar da ba a biyan albashi, wadda kuma Scrushy ya riga ya zauna a kanta a zamanin gwamnoni uku da suka gabata. Ko sisi bai shiga aljihun Siegelman kai tsaye ba, ko da yake masu gabatar da ƙara sun nuna cewa shi ya tsaya wa bashin da ake bin asusun, don haka kuɗin ya sauke masa nauyi. A 2006 aka same su da laifi su biyun, Siegelman ya yi shekaru a gidan yari, sai 2017 ya fito. Tsofaffin manyan lauyoyin gwamnatocin jihohi fiye da 100, daga jam'iyyun biyu, sun rubuta wa kotu cewa hukuncin ya wuce gona da iri. Hujjarsu mai sauƙi ce: kowane shugaban Amurka yana raba muƙaman jakadanci ga manyan masu tara masa kuɗin zaɓe, ana buga sunayensu a jarida. Me ya sa wannan naɗin kaɗai ya zama laifi? Amsar ita ce wani hadimin gwamnan ya tsaya a kotu ya ce an yi maganar kujerar a matsayin ladan kuɗin. Shedar mutum ɗaya, wanda shi ma yake neman sassauci a tasa shari'ar, ita ta raba gwamna da ɗaruruwan takwarorinsa da suka yi abu mai kama da nasa suka kwana a gidajensu.

A Birtaniya an ga irin wannan ta ƙare da neman afuwa kawai. A farkon 1997 Bernie Ecclestone, uban tafiyar tseren motoci na Formula One, ya ba jam'iyyar Labour fam miliyan 1. Jam'iyyar ta ci zaɓe da alkawarin hana kamfanonin taba tallata kansu a wasanni. A Oktoba Ecclestone ya gana da Firaminista Tony Blair, cikin 'yan makonni gwamnati ta ce za a tsame Formula One daga haramcin. Da maganar ta fashe, jam'iyyar ta mayar masa da kuɗinsa, Blair ya fito a talabijin ya ba da haƙuri kan yadda aka tafiyar da lamarin yana jaddada cewa shi mutum ne mai gaskiya. Ba a gurfanar da kowa ba. Biri ya yi kama da mutum, amma kotu ba ta ɗaure mutum da kama.

A shekarun baya-bayan nan Kotun Ƙolin Amurka ta ƙara tsuke ma'anar laifin ta ɗaya gefen, wato gefen abin da aka saya. Bob McDonnell, gwamnan Virginia, da iyalinsa sun karɓi kyaututtuka da rance na kimanin dala 175,000 daga wani ɗan kasuwa, Jonnie Williams, mai sayar da wani maganin ƙarin lafiya da ake haɗawa daga sinadarin ganyen taba. Akwai agogon Rolex, akwai kayan sawa na matar gwamna, akwai dala 15,000 ta hidimar bikin 'yarsa. Williams yana son jami'o'in jihar su yi bincike a kan maganinsa. Gwamnan ya haɗa shi da jami'ai, ya buga waya, ya shirya masa liyafa a gidan gwamnati. An yanke masa hukuncin ɗaurin shekara biyu, amma a 2016 alƙalan Kotun Ƙoli baki ɗaya suka rushe hukuncin. Suka ce shirya ganawa, ko kiran wani jami'i, ko karɓar baƙi, ba ya cikin abin da doka ke kira aikin hukuma. Sai an yanke shawara, ko an matsa wa wani ya yanke, a kan wani takamaiman al'amari. Alƙalin alƙalai John Roberts bai ɓoye cewa labarin yana da ƙyama ba, amma ya ce abin da ya dame su shi ne kada a ba masu gabatar da ƙara wuƙar da za su iya yanka kowane ɗan siyasa da ita.

Sai kuma maganar tukwici. James Snyder magajin garin Portage ne a jihar Indiana. Garin ya sayi motocin kwasar shara na fiye da dala miliyan 1 daga wani kamfani, bayan haka kamfanin ya rubuta masa cekin dala 13,000. Ya ce ladan shawara ce da yake ba su. A 2024, da rinjayen alƙalai shida a kan uku, kotun ta ce dokar tarayya da aka kama shi da ita ta haramta hancin da aka shirya kafin aiki ne kawai, ba ta shafi abin da aka bayar daga baya a matsayin godiya ba. Wannan sai jihohi su ji da shi da dokokinsu. Na karanta hujjar masu rinjaye, kuma na fahimci tsoronsu na kada a ɗaure malamin makaranta don iyayen yara sun yi masa ƙaramar kyauta. Sai dai duk wanda ya san mu'amala ya san tukwicin yau shi ne kafin alƙalamin gobe. Ɗan kwangilar da ya gode wa magajin gari da dala 13,000 ba tarihi yake karramawa ba, garin zai sake sayen motoci.

Idan aka haɗa waɗannan hukunce-hukuncen, sai a ga irin kifin da tarun ke kamawa. Rod Blagojevich, gwamnan Illinois, an naɗi muryarsa a waya yana lissafin abin da zai samu daga kujerar sanatan da Barack Obama ya bari a 2008, an kuma same shi da riƙe kuɗin da jiha za ta ba likitocin yara yana jiran shugaban wani asibiti ya tara masa gudummawa. Bakinsa ne ya ɗaure shi shekara 14, kafin Shugaba Trump ya sassauta masa a 2020, ya yafe masa gaba ɗaya a 2025. Larry Householder, kakakin majalisar jihar Ohio, nasa ya fi girma nesa ba kusa ba. Kamfanin lantarki na FirstEnergy da rassansa sun zuba kimanin dala miliyan 60 a wata ƙungiya mai suna Generation Now, irin ƙungiyoyin nan da doka ba ta tilasta musu bayyana masu ba su kuɗi ba. Da kuɗin aka ɗauki nauyin 'yan takarar da za su zaɓe shi kakaki, da shi aka tura dokar 2019 da ta ɗora wa masu biyan kuɗin wuta nauyin ceto tashoshin nukiliya biyu da fiye da dala biliyan 1, da shi kuma aka murƙushe yunƙurin jama'a na soke dokar ta hanyar ƙuri'a. A 2023 aka yanke masa shekara 20, kamfanin kuma tun 2021 ya amince ya biya tarar dala miliyan 230. Amma a lura da abin da ya kayar da shi: saƙonnin waya, muryoyin da aka naɗa a ɓoye, abokan tafiya da suka juya suka ba da sheda, da kuma sama da dala 500,000 da ya karkatar ya biya basussukansa ya gyara gidansa na Florida. Lauyoyinsa sun tsaya a kan cewa wannan siyasa ce kamar yadda kowa ke yin ta. Ban yarda da su ba, amma tambayar da suka bari tana nan: da ya iya bakinsa, bai kuma taɓa kuɗin don kansa ba, a wace doka za a kama shi?

Masu wayo ba sa sayen ƙuri'ar majalisa, ƙofa suke saya. Mick Mulvaney, tsohon ɗan majalisar wakilai wanda ya riƙe manyan muƙamai a gwamnatin Trump ta farko, ya faɗa wa taron ma'aikatan banki a 2018 yadda ofishinsa yake a majalisa: mai kamun ƙafar da bai taɓa ba su kuɗi ba, ba ya magana da shi, wanda ya bayar kuwa wataƙila ya saurare shi. Ya ƙara da cewa mutanen mazaɓarsa kam yana ganin su ba tare da sharaɗi ba. An yi masa ca, amma abin da ya faɗa bai saɓa wa doka ba, tunda a shari'ar Citizens United ta 2010 Kotun Ƙoli ta riga ta ce samun shiga da neman fada ba cin hanci ba ne. Wasu masana biyu, Joshua Kalla da David Broockman, sun gwada abin a aikace. Wata ƙungiya ta nemi ganawa da ofisoshin 'yan majalisa 191. A wasu wasiƙun an ce masu zuwa mutanen mazaɓa ne, a wasu an ce masu ba da gudummawar siyasa ne. Inda aka ambaci gudummawa, yiwuwar a ga ɗan majalisar da kansa ko babban hadiminsa ta ninka sau uku zuwa huɗu.

Akwai masu ja da wannan, kuma ba a kan iska suke tsaye ba. A 2003 Stephen Ansolabehere da abokan aikinsa biyu sun bi nazarce-nazarce kusan 40 da aka yi kan alaƙar gudummawa da yadda 'yan majalisa ke kaɗa ƙuri'a, suka ga a mafi yawan lokuta ba a samu wani tasiri na a-zo-a-gani ba. Jam'iyya da ra'ayin mazaɓa su ne ke jan akalar. Sau da yawa kuɗin ne ke bin ra'ayi: mai rijiyar man fetur yana ba wanda tun asali yake goyon bayan haƙar mai. Wannan gaskiya ne, kuma ya kamata masu saurin ihun an sayi wane su riƙe shi. Sai dai a ganina an je neman abin a inda ba ya kwana. Ƙuri'ar zauren majalisa a gaban kyamara ake yin ta. Abin da ke da tsada yana faruwa tun kafin nan: jimla ɗaya da aka cusa a shafi na ɗari huɗu na wani ƙudiri, ƙudirin da shugaban kwamiti ya ajiye a aljihun tebur har wa'adinsa ya wuce, wayar da aka buga wa wata hukuma aka ce a duba maganar nan da idon rahama. Ba a lissafa dokar da ba a taɓa kawowa ba. Kuma kusan duk waɗannan su ne abubuwan da hukuncin McDonnell ya sa kama su ya yi wuya.

Akwai kuma wata fuska da ake yawan mantawa, wato ba koyaushe ne mai kuɗi ke farautar mai mulki ba. A 2018 Indiya ta ɓullo da wasu takardun gudummawa da ake saya a bankin gwamnati na State Bank of India, a miƙa wa jam'iyya ba tare da jama'a sun san wanda ya saya ba. An sayar da na kimanin rupi biliyan 165, jam'iyya mai mulki ta BJP ce ta kwashi kaso mafi girma. A Fabrairun 2024 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke tsarin, ta ce ya tauye haƙƙin mai zaɓe na sanin wanda ke ɗaukar nauyin wanda zai zaɓa, ta kuma tilasta a fito da sunaye. Wanda ya fi kowa saye wani kamfanin caca ne, Future Gaming, da rupi biliyan 13 da 'yan kai. Da 'yan jarida suka jera ranakun, sai suka ga kamfanoni da dama sun sayi takardun jim kaɗan bayan hukumomin haraji ko na binciken kuɗi sun kai musu samame, wasu kuma a daidai lokacin da suka samu manyan kwangiloli. 'Yan adawa suka kira shi karɓar kuɗin fansa, gwamnati ta musanta. A Agustan shekarar kotun ta ƙi amincewa a kafa kwamitin bincike na musamman, tana cewa zato ne kawai a wannan matakin. Wanda ya bayar don tsoro da wanda ya bayar don kwaɗayi, rasit iri ɗaya ake ba su.

Shi kansa zargin makami ne, kuma mai arha. Jerin ranaku biyu kawai ake buƙata, ranar da aka bayar da ranar da aka yi aikin, sauran mai karatu zai cike da kansa. Mai gaskiya ba shi da hanyar tabbatar da abin da bai ƙudurta a zuciyarsa ba. Shi ya sa kowane wanda aka tuhuma yake cewa bi-ta-da-ƙulli ne, kuma abin haushin shi ne wani lokacin gaskiyarsa ce. Binciken Lava Jato a Brazil ya tono abin da ba a taɓa gani ba: kamfanin gine-gine na Odebrecht yana da sashe guda da aikinsa kawai biyan hanci, da littafinsa da sunayen ɓoye na masu karɓa, kuma a 2016 ya amsa a gaban kotun Amurka cewa ya raba kimanin dala miliyan 788 a ƙasashe 12. Wani ɓangare na kason da ake yanka daga kwangilolin kamfanin mai na Petrobras ta hanyar gudummawar jam'iyya mai rajista yake shiga, da takardunsa tsaf, wato hukumar zaɓe ce ta zama wurin wanke shi. Amma binciken nan ne kuma ya ɗaure Lula da Silva, wanda ya taɓa shugabantar ƙasar, ya hana shi takarar 2018, alƙalin da ya yanke masa hukunci, Sergio Moro, ya karɓi muƙamin minista a gwamnatin wanda ya ci zaɓen, sannan a 2021 Kotun Ƙolin Brazil ta soke hukuncin ta kuma ce alƙalin ya nuna son kai. Satar ta faru da gaske, an kuma yi siyasa da binciken da gaske, har yau mutanen Brazil suna zaɓar wadda za su tuna gwargwadon jam'iyyarsu.

Brazil ta zaɓi toshe ƙofar gaba ɗaya. A 2015 Kotun Ƙoli ta hana kamfanoni ba da gudummawar zaɓe. 'Yan majalisa suka juya ga baitulmali, suka kafa asusun zaɓe da ya tashi daga kimanin riyal na Brazil biliyan 1.7 a 2018 zuwa biliyan 4.9 a 2022, kuma shugabannin jam'iyyu ne ke raba shi ga wanda suka ga dama. An rage ikon kamfani, an ƙara na uban jam'iyya, attajirin ɗan takara kuma ya samu fili.

Yawancin ƙasashe sun fi jingina da tilasta bayyana suna, bisa tunanin cewa in kotu ba za ta iya karanta zuciya ba, a bar mai zaɓe ya gani ya yi nasa hukuncin. Ni ma nan na fi karkata, don ko a shari'o'in da aka yi nasara, sai da wani ya ga sunan tukuna. Amma kuɗi kamar ruwa yake, yana neman gangare. Da Birtaniya ta wajabta bayyana manyan kyaututtuka a 2000, sai aka koma rance, wanda dokar ba ta tilasta bayyana shi ba. Kafin zaɓen 2005 Labour ta karɓi rancen kusan fam miliyan 14 a asirce, aka kuma ga sunayen wasu daga cikin masu ba da rancen a jerin waɗanda aka gabatar don shiga majalisar dattawan ƙasar. 'Yan sanda sun yi fiye da shekara suna bincike, sun yi wa Blair tambayoyi sau uku yana kan mulki, a matsayin sheda. A Yulin 2007 masu gabatar da ƙara suka ce babu hujjar da za ta tabbatar da an yi yarjejeniya.

Jamus kuwa tsarin mulkinta ne da kansa ya ce dole jam'iyyu su bayyana inda suke samun kuɗi. Duk da haka, a ƙarshen 1999 Helmut Kohl, wanda ya shugabanci gwamnati shekara 16 ya kuma jagoranci haɗewar ƙasar, ya amsa cewa ya karɓi kusan mark miliyan 2 tsakanin 1993 da 1998 ba tare da an rubuta su a littafin jam'iyyar CDU ba. Aka ce ya faɗi waɗanda suka bayar, ya ce ya yi musu alkawari da mutuncinsa ba zai tona su ba. Ya rasa muƙaminsa na shugaban girmamawa na jam'iyya, Angela Merkel, wadda ta taso a hannunsa a siyasa, ta rubuta a jarida cewa lokaci ya yi da jam'iyya za ta koyi tafiya ba tare da shi ba, a 2001 kuma aka rufe binciken bayan ya biya mark 300,000. Ya dage cewa ba a taɓa sayen wata shawarar gwamnatinsa ba, kuma ba wanda ya iya gwada maganar, don ba a san wa za a duba ba balle a san abin da ya samu. A 2015 Wolfgang Schäuble, wanda ya gaje shi a shugabancin jam'iyyar, ya ce a wata hira babu wasu masu bayarwa tun farko, ragowar tsofaffin asusun ɓoye ne na jam'iyyar. Kohl ya rasu a 2017 bai ambaci suna ko ɗaya ba.